Harbin Ƙudan Zuma a Farkon Bazara: Allurar Gaggawa Kawai, ko Allurar Sabo da Dafi?

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, ƙudan zuma kan ƙare hunturu ne a dunƙule cikin amya, sun sa sarauniya a tsakiya suna karkarwa don su ɗumama juna, suna ci daga zumar da suka tara. Ba sa leƙowa sai ranar da gari ya ɗan saki, ma'aunin zafi ya kai digiri 10 zuwa 12, abin da kan faru a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Fitar farko ta sauke ciki ce, don ba sa ɓata cikin gidansu. Bayan ita sai neman ruwan da za su sirka zumar da ta daskare su ciyar da ƙananansu, sai kuma garin fure daga itatuwan da suka riga sauran toho. A wannan lokaci rina ba ta yi yawa ba tukuna, sarauniyoyinta ne kawai suka farka, sai wajen Agusta da Satumba take addabar mutane. Saboda haka wanda aka harba a lambu a Landan cikin Maris ko Afrilu, galibi ƙudan zuma ne ya same shi.

Mu ma muna da namu lokacin, sai dai ƙishi da fure ne ke fito da namu ƙudan zuman. Daga ƙarshen hunturu zuwa shigowar bazara mangwaro da kaɗanya da darbejiya suna fure, ɗorawa ta saki tutu, tafkuna kuma sun fara ƙafewa. Sai ka gan su a bakin famfo, a gindin randa, a wurin alwalar masallaci, a kan teburin mai rake, har a injin niƙa suna kwasar ƙurar gari. Lokacin ne kuma masu amya ke hawa bishiya da dare, da wuta a hannu, ɗibar zuma. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma kuwa ya fi na Turai saurin fushi, kuma idan ya taso yakan bi mutum da nisa.

Ga yawancin mutane harbin ba ya wuce raɗaɗi da ɗan kumburi. Amma akwai wanda harbi ɗaya tak ya taɓa kai shi ƙasa, sai farfaɗowa ya yi a gadon asibiti, tun daga ranar kuma ko kukan ƙuda ya ji kusa da kunnensa sai gabansa ya faɗi. Irin wannan mutum hanya biyu likitoci ke shimfiɗa masa. Ko dai ya riƙa yawo da allurar gaggawa ta adirenalin a aljihu yana kaffa-kaffa, in an harbe shi ya soka wa kansa. Ko kuma ya shiga shirin allurar sabo da dafi, inda za a yi shekara 3 zuwa 5 ana yi masa allurar dafin ƙudan zuman kansa, awo-awo, har jikinsa ya daina yi masa tawaye. Ni a ganina abu biyu ke raba gardamar: me harbin ya taɓa a jikinka, kuma sau nawa sana'arka da mazauninka ke haɗa ka da ƙudan zuma. Zafin da ka ji da girman kumburin, duk da su suka fi tsaya wa mutum a rai, ba su da nauyi sosai a wannan lissafi.

Fara da sanin irin naka

Ƙarin ƙudan zuma na da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, shi ya sa yake maƙalewa a fata ya tsinke daga jikin ƙudan tare da jakar dafin. Idan ka duba da kyau za ka ga wani ɗan farin abu a saman ƙarin yana motsi shi kaɗai. Jakar ce ke ci gaba da tura dafi, kuma kafin minti ɗaya ta kusa juye duk abin da ke cikinta. An daɗe ana cewa kada a ja shi da yatsu, a kankare shi da wuƙa ko kati. Wasu masana a Amurka sun gwada a 1996 suka ga babu bambanci, saurin cirewar ne ke da amfani. Don haka a fizge shi da farce nan take, a kuma bar wurin, domin harbin na sakin wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran. A wanke, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, a zare zobe ko awarwaro tun hannu bai cika ba. Ƙarin da ya rage a fata shaida ne kuma, don rina da zirnako galibi ba sa barin nasu. Likita zai so ya san wanne ya yi harbin, saboda dafin kowanne daban ne, allurar sabonsa ma daban.

Bayan wannan harbi na yau da kullum akwai babban kumburi na wuri guda. An harbe ka a bayan hannu da hantsi, ka kwana, ka wayi gari hannun ya kumbura suntum har gwiwar hannu, fata ta yi ja tana sheƙi, ga zafi ga ƙaiƙayi, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Likitoci kan kira shi babba idan faɗinsa ya wuce santimita 10 kuma ya haura kwana ɗaya. Yakan kai ƙarshen girmansa a kwana na biyu, ya ɗauki mako guda ko kwana 10 kafin ya sace. Shi ya fi tayar wa iyali hankali, kuma shi ya fi sa a garzaya kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali kumburin kwana ɗaya ko biyu na farko aikin dafi ne, ba ƙwayar cuta ba. Ƙanƙara, ɗaga hannun sama da ƙirji, da maganin ƙaiƙayi irin su setirizin sukan wadatar. Abin da ya kamata mai irin wannan ya riƙe shi ne, cikin mutum 10 masu babban kumburi, da wuya a samu fiye da ɗaya da abin zai rikiɗe masa ya zama mai haɗari a harbi na gaba. Yawancinsu duk sanda aka harbe su kumburin nan dai za su sake yi. A bisa al'ada ba a sa su a shirin allurar sabo. Sai dai in harbin a harshe ne, ko cikin baki, ko maƙogwaro: wannan asibiti kai tsaye, ko da mutum bai taɓa samun matsala ba, don kumburin kansa na iya toshe hanyar iska.

Wanda wannan zaɓi ya shafa da gaske shi ne wanda abin ke barin wurin harbi ya bazu a jikinsa. An harbe ka a ƙafa amma tafin hannu da fatar kai ne ke ƙaiƙayi, borin jini ya feso a ƙirji da baya, leɓe da fatar ido sun cika. Idan a fata ya tsaya, da sauƙi. Idan kuwa murya ta dishe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi na fita da ƙara, ko jiri ya kwashe ka, gumi ya keto, ciki ya murɗa, ido ya fara rufewa, to an shiga abin da likitoci ke kira anafilaksis, kuma yawanci cikin rabin awa yake bayyana. Kusan mutum 3 cikin manya 100 suna samun irin wannan bazuwa, a yara kuma bai kai haka ba. Babban da ya taɓa samu, yiwuwar ya sake samu a harbi na gaba tana tsakanin kashi 30 zuwa 60 cikin 100 idan ba a yi masa komai ba. Hukumar CDC mai sa ido kan cututtuka a Amurka ta ƙirga mutum 1,109 da harbin ƙudan zuma da rina da danginsu ya kashe daga 2000 zuwa 2017, wato kusan 62 a shekara, kuma 8 cikin 10 maza ne. A Birtaniya ana samun 2 zuwa 9 a shekara. Ba su da yawa, amma abin takaicin shi ne yawancin irin wannan mutuwa akwai abin da za a iya yi a kai.

Akwai kuma abin da bai shiga wannan lissafi ba, wanda mu a ƙasashenmu muka fi sani: amya guda ta taso wa mutum ta yi masa harbi ɗaruruwa. Wannan guba ce tsagwaronta, ba ruwanta da ko jikinka na jure dafi ko ba ya jurewa. Tana narkar da tsoka, tana kashe ƙoda, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu fitsari ya yi baƙi ko ya ɗauke. Allurar sabo ba ta kare mutum daga wannan. A ruga a guje a rufe fuska, a shige ɗaki ko mota, kada a faɗa ruwa don za su jira a sama, sannan a tafi asibiti ko da mutum na jin ya warware.

Wanda abin ya bazu masa, gwaji ne mataki na gaba: a ɗiga ɗan dafi a fata a duba, a kuma ɗebi jini a auna sinadarin IgE da jiki ke yi wa dafin. Ana so a bar mako 4 zuwa 6 bayan harbin, don in an yi da wuri gwajin na iya nuna babu alhali akwai. Wanda ya suma kuma a auna masa wani sinadari na cikin jini mai suna tiriftes, domin yawansa na iya nuna wata cuta ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ke sa harbi ya yi muni ƙwarai. Wanda bai taɓa samun bazuwa ba kada ya ɓata kuɗinsa. Mutane da yawa gwajin zai nuna suna da shi amma harbi ba ya yi musu komai.

Adirenalin a aljihu

Adirenalin shi kaɗai ne maganin da ke juya anafilaksis. Yana matse jijiyoyin jini da suka saki don jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa, yana buɗe hanyoyin iska, yana rage kumburin maƙogwaro, duk cikin mintuna. Ina so in tsaya a nan, don a nan ake yawan asarar rai. Piriton maganin ƙaiƙayi ne da borin jini, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, ba ya buɗe maƙogwaro. Haidirokotizon, wadda ake saurin zuƙowa a kemis, sai bayan awanni take fara aiki, shi ya sa ma hukumar da ke tsara ka'idojin ceton rai a Birtaniya ta cire ta daga jerin matakan farko a 2021. Richard Pumphrey, wanda ya bibiyi waɗanda anafilaksis ya kashe a Birtaniya, ya wallafa a shekarar 2000 cewa cikin waɗanda harbi ya kashe, rabinsu numfashinsu ko zuciyarsu ta tsaya ne cikin minti 15. Mutumin da aka ba ƙwaya aka ce ya zauna a ga abin da hali zai yi, an cinye masa waɗannan mintuna.

A Turai da Amurka ana ba da shi cikin wata allura mai siffar biro, irin su EpiPen da Jext. Ka zare murfi, ka damƙe ta a tafin hannu, ka danna bakinta da ƙarfi a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando ne, ka ji ta yi ƙas, ka riƙe na 'yan daƙiƙu kamar yadda aka rubuta a jikinta. Ta manya miligiram 0.3 ce, ta yara ƙanana 0.15. Daga nan a kira motar asibiti, 999 a Birtaniya, 112 a sauran Turai, 911 a Amurka. Mutum ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ke gagara ya zauna a jingine. Kada a miƙar da shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa mota, don miƙewa a lokacin da jini ya faɗi ta sha kashe mutanen da aka ɗauka sun fara samun sauƙi. In bayan minti 5 babu canji a yi ta biyu, shi ya sa ake so a riƙa ɗaukar guda biyu. Ko ya warware sai an je asibiti, domin abin kan dawo bayan awanni. A watan Agustan 2024 Amurka ta amince da wani adirenalin na fesawa a hanci mai suna neffy, wanda zai taimaki masu tsoron allura.

Alherin wannan hanya a fili yake. Yau likita ya rubuta, yau ka samu. Ba zaryar asibiti, ba haɗarin allurar dafi, kuma tana aiki ko wane ƙwaro ne ya harbe ka, ko ma abinci ne ya tayar da abin.

Rauninta shi ne ba ta canza komai a jikinka. Harbi na gaba zai zo maka da irin haɗarin da na baya ya zo da shi, sai dai kana da abin karewa a hannu, in yana hannun. Ana mantawa da ita a wata jakar. Wa'adinta kan ƙare cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba ta son zafin da ya wuce digiri 25, ba ta kuma son firji, don haka barinta a mota cikin rana na lalata ta. Ruwan cikinta in ya sauya launi ko ya yi gauraye, ta tashi aiki. Mutane da dama, ko tana aljihunsu, sukan yi ta jinkiri suna cewa bari dai a gani. Wanda kuwa jininsa ke faɗuwa farat ɗaya, yana iya suma kafin ya zare murfin, kuma in shi kaɗai ne a gona babu mai yi masa. Ga tsada a wasu wurare: a 2016 farashin fakitin EpiPen mai guda biyu ya kai kusan dala 600 a Amurka, har majalisa ta kira kamfanin. Sai kuma nauyin da ba a gani, wato zaman ɗar-ɗar. Wani bincike da aka yi a Holan a 2002 kan masu matsala da dafin rina ya gano cewa waɗanda aka bari da allurar aljihu kawai damuwarsu ƙaruwa ta yi bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa allurar sabo kuwa hankalinsu ya kwanta.

Kaffa-kaffan da ke tafiya da wannan hanya ma yana da iyaka. Takalmi mai rufi a ciyawa, rufe kofin lemo, rage turare mai ƙamshin fure ranar da za a shiga lambu, duk suna da kyau. Mu da muke sa manyan kaya kuma mu sani, ƙudan da ya shige cikin babbar riga ko ƙarƙashin hijabi ya rasa hanyar fita shi ne mai harbi. Amma babu dabarar da za ta hana ƙuda ɗaya shigowa ta tagar mota.

Allurar sabo da dafi

Kafin ƙarshen shekarun 1970 ana niƙe ƙwaron ne gaba ɗayansa a yi wa mutane allura da ruwansa. A 1978 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka gwada, suka nuna wannan bai fi ruwan banza ba, dafin zalla ne ke karewa. Tun daga nan aka koma kansa.

Ana farawa da ɗan mitsitsin awo a ƙarƙashin fatar damtse, ana ƙarawa har a kai maikirogiram 100, kimanin dafin harbi biyu ke nan. A tsarin da aka fi bi, ana zuwa sau ɗaya a mako na wata 3 zuwa 4 kafin a kai wannan matsayi. Akwai na gaggawa da ake yi cikin 'yan kwanaki a kwance a asibiti, wanda ya yaɗu a Jamus, akwai ma na 'yan awanni. Da an kai, kariya ta samu. Daga nan sai allura duk mako 4 a shekarar farko, a riƙa tsawaita tazarar zuwa mako 6 ko 8, har shekara 3 zuwa 5. Bayan kowace allura sai ka zauna rabin awa zuwa awa ɗaya a gaban ma'aikata. Abin da ke faruwa a ciki shi ne garkuwar jiki na sauya salon martaninta, tana ƙera wasu sinadarai da ke tare dafin tun kafin ya tayar da ƙwayoyin da ke jawo bori.

Ka'idojin ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai na 2018 sun nuna tana kare kashi 77 zuwa 84 cikin 100 na masu matsala da dafin ƙudan zuma, da kashi 91 zuwa 96 na masu matsala da na rina. Ka lura ƙudan zuma ya fi taurin kai. Wanda 100 ba ta riƙe shi ba akan ninka masa zuwa 200, haka ma akan yi wa masu kiwon zuma. Sauran da ba ta kare gaba ɗaya ba, yawanci abin na zuwa musu da sauƙi fiye da na da. A Ingila hukumar NICE mai tantance magunguna ta amince da ita tun 2012, kuma likitan unguwa ne ke tura mutum asibitin da ake yi.

Kuɗin da ake biya na lokaci ne da juriya. Zarya ce ta shekaru, wanda aikinsa ba ya barinsa ko yake shirin barin ƙasar bayan wata shida zai sha wuya. Damtse kan kumbura bayan allura. Wasu ma allurar kanta kan tayar musu da bazuwa, musamman a lokacin ƙarin awo, kuma an fi ganin haka da dafin ƙudan zuma. Dalilin zaman jira ke nan, dalilin kuma da ya sa ba a yin ta a gida. Ba a fara wa mai ciki, amma wadda ta riga ta yi nisa kafin cikin tana iya ci gaba. Mai asma sai an daidaita ta tukuna. Bayan an kammala akwai kaɗan da abin ke dawo musu bayan shekaru, masu wancan ciwo na tiriftes kuwa akan ce su ci gaba har iya rayuwa. Kuma a watannin farko allurar aljihu na nan tare da kai, wasu ma likita zai ce su ci gaba da riƙe ta. Wato zaɓin na gaskiya shi ne adirenalin shi kaɗai, ko adirenalin tare da gyaran tushen matsalar.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Babban da harbi ya taɓa masa numfashi ko ya sumar da shi, kuma gwaji ya tabbatar, ni ban ga dalilin da zai sa ya tsaya a allurar aljihu kawai ba muddin yana inda ake yin ta sabo. Haka yaron da abin ya wuce fata. Yaron da borin jini kawai ya feso masa kuwa, kusan ɗaya cikin 10 ne ke sake samu, kuma galibi ba ya fin na farko, don haka ba a cika sa shi a shirin ba. Babban da nasa ya tsaya a fata yana tsaka-tsaki: a Amurka yanzu ba a ganin dole ne, a Turai akan duba yawan haɗuwarsa da ƙudan zuma da yadda tsoro ya takura rayuwarsa. Ɗalibin da ke zaune a bene a tsakiyar gari da mai aikin lambu ba ɗaya suke ba, ko da jikinsu iri ɗaya ya yi.

Masu kiwon zuma da iyalansu su ne farkon bazara ya fi shafa, kuma labarinsu na da abin lura. Wani bincike a Faransa a 1984 ya gano cewa masu amyar da ake harbi fiye da sau 200 a shekara babu wanda abin ya bazu masa, waɗanda ake harbi ƙasa da sau 25 kuwa kusan rabinsu sun samu. Yawan harbi a kai a kai na sa jiki ya saba, amma sabon ba ya daɗewa. 'Yan watanni ba harbi sai ya fara zagwanyewa. Shi ya sa Ulrich Müller, likitan Suwizalan da ya daɗe yana aiki a wannan fanni, ya ja hankali cewa harbin farko bayan hutun hunturu ya fi zuwa da matsala. Mai amya ya kammala kakar bara ana harbinsa yana kaɗe hannu ya ci gaba da aiki, ya buɗe amya ranar farko a Maris da wannan tunani, sai jikinsa ya nuna masa ba haka yake ba yanzu. Sabon shiga sana'ar, da matarsa da 'ya'yansa da ake harbi jefi-jefi a tsakar gida, su suka fi kowa shiga haɗari. Wannan ya shafi mai amya a ƙauyukanmu ma, wanda ke rataye ta a bishiya ya yi watanni bai kusance ta ba sai daren ɗiba. Mai kiwon da abin ya taɓa bazu masa, ko dai allurar sabo ko ya bar amya ga wani. Adirenalin kaɗai bai isa jingina ba ga mutumin da ya san tabbas za a sake harbinsa.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce zai riƙa kama ƙuda yana ɗora wa kansa don ya saba. Awon dafin ƙuda mai rai ba a hannunka yake ba. A 2018 likitoci a Sifen sun ba da rahoton wata mata mai shekara 55 da ta yi shekara biyu ana yi mata irin wannan magani da ƙuda mai rai ba matsala, rana ɗaya ta faɗi, wurin ba adirenalin, ta rasu. Haka kuma shan zuma, duk da warakar da Alƙur'ani ya ambata a cikinta a Suratun Nahli, ba ya hana dafin harbi aiki, don dafi da zuma abu biyu ne daban. Yawancin masu matsala da harbi suna shan zumarsu lafiya lau.

Lokacin yanke shawara shi ne tun ƙudan na cikin amya. Tsarin mako-mako wata 3 zuwa 4 yake ci, ga jiran layin asibiti, don haka mai son ya shiga Maris da kariya sai ya fara nema tun kaka. Wanda bazara ta riga ta cim masa ya tambayi tsarin gaggawa, ya kuma duba ranar da ke jikin allurarsa yau. Mai shan maganin hawan jini irin su atenolol, furofaranolol ko lisinofiril ya faɗa wa likita tun a zaman farko. Ba sa hana shiga shirin, amma wasunsu na rage ƙarfin adirenalin, kuma kada ya daina shansu da kansa.

A Najeriya da Nijar zaɓin ya ƙuntata. Allurar sabo ba abu ne da za ka shiga asibiti ka tarar ba, allurar biro ma samunta sai an sha wuya, ga tsada, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. Abin da ke akwai shi ne adirenalin na 'yar kwalba, mai araha, wanda ke cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Inda babu ta biro likitoci kan ba mutum kwalbar da ƙaramin sirinji su koya masa zuƙowa. A nan sai an yi hattara ƙwarai: kwalbar miligiram 1 ce, babba rabinta ake yi masa, wato mililita 0.5, yaro ƙasa da haka gwargwadon shekarunsa, kuma a tsokar cinya, ba a jijiya ba ko kusa. Hannun da ke rawa ba ya iya fasa kwalba ya auna daidai, don haka mutum biyu a gidan su koya a gaban likita, a ajiye kayan a inuwa nesa da rana, a kuma daina zuwa gona ko gindin amya shi kaɗai. Wanda ke da halin zama a waje na 'yan shekaru, don karatu ko aiki, ya yi amfani da damar ya fara allurar sabo tun a watanninsa na farko don ya samu ya kammala. Wanda ke gida kuma ya taka da ƙafarsa zuwa asibitin da ya fi kusa tun ɗorawa ba ta yi fure ba, ya tambayi ma'aikacin ko akwai adirenalin a akwatinsu da dare da rana. In babu, ya nemi na gaba da shi, ya kuma sanar da mutanen gidansa inda za a nufa da shi.